Kafintan da ya fara neman yoyo kafin ya ce a sayo kwano

Masu gyaran rufi ba su da wuyar samu a Sakkwato. Mai wuyar samu shi ne wanda zai tsaya ya gano inda ruwa ke shiga kafin ya rubuta maka lissafin kaya. Irinsa na dace da shi a daminar bana, kuma ga yadda na ga aikinsa, da abin yabo da abin ƙorafi.

Gidanmu yana Arkilla, rufin kwano ne da aka kewaye da rawani, irin ginin da ake yayi yanzu wanda ba a hango kwanon daga waje. Ɗakin Inna ne ke zuba. Tabo ya fara fitowa a tsakiyar silin, ya yi ta faɗi, har ranar da aka yi ruwa mai iska aka kwana ana tarba da roba. Wani mai gyara da aka fara kira ya hau, ya auna saitin tabon, ya shafe kawunan kusoshin wurin da kwalta, ya karɓi kuɗinsa. Ruwa na gaba ya zubo kamar ba a taɓa komai ba. Da aka sake nemansa sai ya ce kwanon ne ya mutu, a canja falle shida.

Na biyun wani maƙwabci ne ya haɗa mu. Dattijo ne, ba ya da yawan magana. Bai ko kalli tsani ba da ya iso. Ƙofar silin ya nema, ya shiga da tocila, ya daɗe a ciki cikin wannan zafin. Da ya fito duk ƙura, abin da ya ce da ni shi ne: "Alhaji, ba inda shika ɗiga shika shiga ba." Ya sa na leƙa, ya haska mani wani katako tu-bai-fo da ya yi baƙi, da sawun ruwa a jikinsa tun daga gindin bango har tsakiyar ɗaki. Ruwan yana shiga ne can gefe, ya bi katakon yana gangarowa, sai ya iske kusa ko mahaɗa sannan ya ɗigo. Tsakanin mashigar da tabon ya kai taku huɗu.

Wannan bai ishe shi ba. Ya sa yaronsa ya hau da tiyo, shi kuma ya koma cikin silin. Daga ƙasan rufin suka fara jiƙawa, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, a jira, sannan a matsa sama. Dalilinsa mai kyau ne: in ka fara zuba ruwa daga sama, ko'ina zai jiƙe, ba za ka san wace kafa ce ta sha ba. Kwanon bai zubar da ko ɗigo ba. Sai da tiyo ya kai inda kwano ya haɗu da rawani sannan ya buga silin ya ce a tsaya.

Abu biyu ne suka haɗu a wurin. Filastar da ta riƙe bakin kwano a jikin bango ta tsage. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san bazararmu: daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kwano ya buɗe da rana ya tsuke da dare, siminti kuwa ba ya bin sa, dole wani ya saki wani. Na biyu, magudanar da ke bayan rawani ta cika da ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro, sun zama laka sun toshe bakin indararo. In ruwa ya yi ƙarfi sai ya taru ya hau har ya kai tsagar. Shi ya sa yayyafi bai taɓa jiƙa ɗakin ba, sai ruwa mai yawa.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ya kwashe lakar, ya sassaƙe tsohuwar filasta, ya sa sabon bakin kwano da ya nutse cikin bango ya rufo kan na ƙasa, birkila ya mayar da siminti. Kusoshin da suka ɗago ya cire su ya sa masu hula da roba. Wasu ƙananan ramuka da masu ɗaura dish suka bari ya liƙe su da tef ɗin nan mai kwalta a ciki da alminiyum a baya. Na lura sai da ya goge wurin tas ya bushe kafin ya manna, ya ce in da ƙura ko danshi ba ya kamawa. Ko falle ɗaya ba mu saya ba.

Ƙorafina kuwa ba ƙarami ba ne. Alkawarinsa na lokaci ba abin riƙewa ba ne; in ya ce da hantsi, ka sa rai da la'asar. Kuɗin aiki ma ya ƙaru a tsakiya, wai bai lissafa da birkila ba, alhali shi ya kawo shi. Kuma ya tafi ya bar ɓaraguzan filasta da tsofaffin kusoshi a tsakar gida inda yara ke yawo ba takalmi.

An yi manyan ruwa bayan gyaran, har da mai iskar nan ta gabas, ɗakin Inna bai ɗiga ba. Tef ɗin ne ban yanke masa hukunci ba tukuna, sai ya ga bazara ya fita, domin kwalta da ranar Sakkwato ba su cika shiri ba. Kafintan dai zan sake kiransa, amma sai mun gama ciniki a gaban shaida, da kuɗin birkila da na shara duk a ciki. Ya kuma ce a riƙa share magudanar a watan Mayu kafin ruwan farko, kuma silin ɗin da ya yi tabo kada a yi masa fenti sai katakon ya bushe bayan kaka.