Walnot ko kashu: wanne ya dace da bayan gida a Kaduna?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an kawo maka tsarabar walnot mai ɓawo, wato ƙwayar itacen nan da ake fasawa a ci cikinta, daga Turkiyya, kana da sarari a bayan gidanka a nan Kaduna, kana neman sanin ko ka shuka shi ko kuwa ka bi shawarar maƙwabcinka ka sa kashu. Shawarata ita ce ka sa kashun, walnot ɗin kuma a fasa a ci da iyali. Amma da yake itace abu ne da mutum zai zauna da shi shekara da shekaru, ya kamata in kawo dalilai domin ka auna da kanka.

Babban abin da ya raba su shi ne sanyi. Walnot ɗin da aka kawo maka asalinsa yankin Iran ne da tsaunukan Asiya ta Tsakiya, kuma har yau akwai dajinsa a Arslanbob ta ƙasar Kirgistan. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen nomansa, sai Amurka, wadda kusan duk nata daga jihar Kalifoniya yake fitowa, sai irin su Iran da Turkiyya da Chile, kuma duk wuraren da ake shuka shi a waɗannan ƙasashe suna da lokacin sanyi na watanni. A lokacin sanyin itacen yakan kakkaɓe ganyensa ya kwanta barci, kuma idanun rassansa ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun sha sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas na sa'o'i masu yawa, wanda ga yawancin irin da ake nomawa yakan kama daga 700 zuwa 1,000. Mu kuwa a Kaduna, ko a tsakiyar hunturun Disamba da Janairu, lokacin da ake ƙudundune cikin bargo ana jin ɗumi da asuba, ma'aunin yakan tsaya ne wajen digiri 13 zuwa 15, da wuya ya sauka ƙasa da 10. Ko Jos, wadda tudunta ya kai mita 1,200 har take noman dankalin Turawa, ba ta tara waɗannan sa'o'in ba, balle Kaduna da ke wajen mita 600.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne walnot yana iya tsirowa har ya yi ganye mai kyau a daminar farko, sai mai shi ya ɗauka ya ci nasara. Matsalar tana bayyana daga baya: wani reshe ya farka wani ya ƙi, itacen ya riƙa tsumburewa, idan ma ya yi fure to furen namiji da na mace, waɗanda suke dabam a kan itace guda kuma iska ce ke haɗa su, ba za su fito yadda za su gamu ba. Sannan ga zafin Maris da Afrilu da ke kusantar digiri 40, alhali da zarar zafi ya haura 38 ganyen walnot da 'ya'yansa sukan fara ƙonewa.

Kashu, wanda wasu ke kira yazawa, shi yanayinmu yake so. Asalinsa arewa maso gabashin Brazil ne, Turawan Fotugal suka bazu da shi zuwa Afirka da Indiya a ƙarni na 16. Dogon ranin da ke wahalar da sauran itatuwa shi yake buƙata, domin da hunturu yake fure, 'ya'yan su nuna daga Fabrairu zuwa Mayu, ruwan sama a kan furen ma ɓarna yake yi masa. Ruwan daminar Kaduna, kimanin milimita 1,200 a shekara, ya ishe shi, kuma yana jure ƙasa mai yashi ko jar ƙasa mai tsakuwa. Abin da ba ya jurewa shi ne kwanciyar ruwa, saboda haka idan gidanka yana gangaren kogi ko wurin da ke yin fadama a watan Agusta, to shi ma ba zai yi ba.

Wajen jira ma tazarar tana da yawa. Ƙwayar walnot sai ta yi wata 3 zuwa 4 cikin yashi mai laima da sanyi irin na firji kafin ta tsiro, kuma ko a ƙasarsa wanda aka shuka daga ƙwaya yakan kai shekara 8 zuwa 10 kafin ya fara haihuwa. Kashu yana tsirowa cikin mako 2 zuwa 3, ya fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 5, mai aure kuwa yakan riga haka.

Sai maganar wuri, wadda masu shuka a gida suka fi sakaci da ita. Fulotin da aka saba da shi, ƙafa 50 a 100, kimanin mita 15 a 30 ne kawai, walnot kuwa a inda ya samu yadda yake so yana kai mita 25 tsawo, inuwarsa kaɗai ta rufe faɗin fulotin. Yana kuma fitar da wani sinadari mai suna juglon ta saiwa da ganye da ɓawo, wanda ke cutar da tumatir da barkono da gauta, ko da yake baƙin walnot na Amurka ya fi shi yawan sinadarin. Kashu bai kai wannan tsawo ba, amma shi ma mai baje rassa ne har ƙasa, don haka ka ba shi aƙalla mita 6 tsakaninsa da katanga da rijiya da sokawe, ka riƙa sare rassan ƙasa tun yana ƙarami. Kada ka sa ran yin lambu a ƙarƙashinsa.

Ba zan ɓoye maka aibin kashu ba. Ɓawon ƙwallonsa yana da wani mai da ke ƙona fata kamar ruwan batir, shi ya sa ba a barin yara su fasa shi ɗanye da haƙori, kuma gasa shi sai a fili, a kauce wa hayaƙin. Ruwan 'ya'yan yana ɓata tufafi, waɗanda suka faɗi kuma idan ba a tsince ba sukan tara ƙuda. Gara na iya kashe shi yana ƙarami, akwai kuma ƙwaron da ke huda gangar jikinsa. Haka nan walnot ya fi shi nesa ba kusa ba wajen man omega-3 da masana abinci ke yabawa, don haka idan wannan ne ya ja hankalinka, sayensa a kanti zai fi maka sauƙi da tabbas.

Akwai kuma walnot ɗin kurmi mai baƙin ɓawo, wanda ake tallarsa dafaffe da damina, Yarabawa na ce masa awusa ko asala. Ba dangin na Turkiyya ba ne. Yaɗo yake yi yana hawa manyan itatuwa a gonakin koko da goro na Ondo da Osun da Ekiti, kuma laima da inuwa yake so, abin da iskar hunturunmu ba ta bari. Dafaffen da ake sayarwa ba ya tsirowa.

Idan ka tsayar da shawara a kan kashu, ka jira ruwa ya zauna a watan Yuni. Ka nemi ƙwallo na bana daga itacen da aka san shi da yawan haihuwa, ka zuba a ruwa ka zubar da waɗanda suka taso sama. Ka haƙa rami rabin mita, ka cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki ka mayar, ka binne ƙwallo 2 ko 3 zurfin santimita 5 a ainihin inda kake so itacen ya zauna, domin doguwar saiwarsa ba ta son dashe. Bayan wata biyu ka bar mafi ƙarfi ka cire sauran, ka yi masa shinge saboda awaki, ka kuma ba shi ruwa sau ɗaya ko biyu a mako a ranin farko, daga Nuwamba har ruwa ya dawo. Allah ya sa albarka.