Kafin ka zuba kuɗi a makarantar tuƙin jirgi: abin da muka gano ni da ɗan yayata

Ɗan yayata ne ya jefa ni cikin wannan binciken. Bana ya ci bak D, jarabawar gama sakandare, gidansu na unguwar Aeropor nan Yamai, kuma tun yana ƙarami in jirgi ya taso daga Diori Hamani sai ya saki duk abin da ke hannunshi ya ɗaga kai sama har sai ya ɓace. Ran nan ina fada muna shan shayi ya zo da wayarshi ya nuna mini hoton jami'ar Embry-Riddle ta Florida a Amurka, jirage jere reras kamar motoci a tasha, ya ce kawu nan nake so. Na ce to yaro bari mu duba. Wata guda na yi ina tono, ga abin da zan faɗa ma duk mai yaro irin wannan.

Tun farko mu cire wani ruɗani da ke yawo a gari. Mutane da yawa sun ɗauka EAMAC da ke nan Yamai makarantar pilot ce. A'a. Makarantar ASECNA ce, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta ƙasashenmu, tana horar da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masu hasashen yanayi, da injiniyoyin na'urori. Aiki ne mai kyau sosai kuma da kwankur, wato jarabawar gasa, ake shiga, amma ba za ka fito can da lasin tuƙin jirgin fasinja ba. Sai kuma kalmar lisans, wadda a bakinmu ta jami'a ce ta shekara uku, su kuma matuƙa in sun ce lisans suna nufin lasin tuƙi. Takardu biyu ne daban, kuma kamfanin jirgi na biyun yake fara tambaya. Duk hira ta a nan kan wannan bambancin take.

Matakan ko'ina kusan ɗaya ne saboda ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya. PPL shi ne na farko, tun shekara 17, awa 40 zuwa 45 a sama, amma ba a biyanka da shi. CPL daga shekara 18, wajen awa 200, da shi ne ake fara ɗaukar ka aiki, tare da takardar tuƙi da na'ura cikin gajimare da ta jirgi mai inji biyu. ATPL na kaftin ne, awa 1500. Tsakanin 200 da 1500 ɗin nan shi ne ramin da ke cinye mutane, kuma ba makarantar da ke sa shi a hoton talla.

To jami'ar Amurka fa, irin su Embry-Riddle ko North Dakota ko Purdue? Gaskiya suna da kyau, shekara huɗu kana karatu kana tashi, ka fito da digiri da lasin duka. Babban abin da suke sayarwa shi ne wannan: a Amurka tun 2013 ba ka zama ko mataimakin matuƙi a kamfanin fasinja sai da awa 1500, amma wanda ya yi digirin jirgi a jami'ar da FAA, hukumar jiragen saman Amurka, ta amince ma yana iya shiga da awa 1000. Ga ɗan Amurka ragin awa 500 ba wasa ba ne. Amma kai mai fasfo ɗin Nijar, ragin nan yana aiki ne kawai a kamfanonin can, su kuma sai kana da izinin aiki a ƙasar za su dube ka, ga kuma biza da ta zama abin da ta zama, ga binciken tsaro da ake ma duk baƙon da zai koyi tuƙi. Kenan za ka biya kuɗin jami'a na shekara huɗu da dala, kuɗin tashi daban a kai, don ka sayi wata fa'ida da ba za ka mora ba. Na faɗa ma yaron haka, bai ji daɗi ba, ya yi shiru yana juya kofin shayi.

Faransa kuma, makarantar ENAC ta Tuluz ita ce kowa ke mafarki don wanda ya ci kwankur ɗin matuƙa gwamnati ke ɗaukar nauyinshi, sai dai na ƴan ƙasashen Tarayyar Turai ne. Abin da ya rage mana makarantun kuɗi masu ba da lasin EASA, wato na Turai. Nan akwai hanya biyu, a dunƙule ko daki-daki. A dunƙule kana shiga ba ka san komai ba ka fito cikin kamar wata 18 zuwa shekara biyu, awa 750 na aji, jarabawa 13, kuma kuɗin yakan kai wajen Yuro dubu 100. Yuro ɗaya wajen sefa 656 ne, lissafa da kanka, ya haura miliyan 65, ba ci ba sha ba haya. Daki-daki kuwa ka yi PPL, ka tara awoyi, ka yi karatun aji, ka dawo CPL, kana biya mataki mataki. Ya fi araha kuma in abu ya ɓaci a tsakiya abin da ka riga ka samu naka ne, amma yana son mutum mai kai, wanda ba sai an tsaya mishi da bulala ba.

Ni dai inda hankalina ya fi kwanciya nahiyarmu ce. Zariya na nan kusa, kwalejin NCAT da ke can tun 1964 take horar da matuƙa, daga Yamai ka bi Konni ka shiga Illela, Sakkwato, Gusau, Funtuwa, ka iso. Yaro zai ci tuwon da ya saba, zai yi Hausa a kasuwa, uwarshi in ta matsu ta hau mota ta je ta gan shi. Karatun da Ingilishi ne. Abin da za ka sa a lissafi shi ne hazon hunturu, don ɗalibi sabo da ido yake tuƙi, in ƙura ta rufe sama ba tashi, kuma wannan mu ƴan Sahel ba sai an mana bayani ba. Akwai wata kwalejin a Ilorin ita ma.

Habasha daban ce don makarantar ta kamfanin Ethiopian ce da kanshi, yanzu ma an mai da ta jami'a, kuma kamfanin na da hannu a kamfanin jirgin ASKY ta Lome wadda ke sauka nan Yamai. Makarantar da ke manne da kamfani tana koyar da kai yadda ake aiki mutum biyu a gaban jirgi tun da wuri. Amma ka kula in an ce maka MPL, wannan lasin na mataimakin matuƙi ne da ake yi tare da wani kamfani, in kamfanin bai riƙe ka ba sauya sheƙa na da wuya fiye da mai CPL. Afirka ta Kudu kuma makarantu birjik, 43 Air School ta Port Alfred na cikin tsofaffin, sama a buɗe yawancin shekara don haka awoyi na taruwa da sauri. Lasinsu na ICAO ne, amma in wata rana kana son na Turai sai ka sake zama jarabawar aji.

Yanzu abin da ya fi sunan makaranta muhimmanci. Ɗan maƙwabcinmu an kai shi wata makaranta a waje, ba zan faɗi suna ba, uban ya sai da fili ya biya kuɗin duka a karo ɗaya don an ce akwai ragi. A takarda jirage sun fi goma, da ya isa biyu ne ke tashi sauran suna kwance ana jiran kayan gyara, sati ya zo ya wuce bai taɓa sitiyari ba, karatun wata 18 ya shiga shekara ta uku, haya na ci, kuma ba halin fita don kuɗin na hannunsu. Saboda haka kar ka tambayi jirage nawa gare su, tambayi nawa suka tashi jiya, ɗalibai nawa ke kan malami ɗaya, waɗanda suka shiga shekara biyu baya nawa suka gama kuma ina suke aiki. Ka nemi lambar ɗalibin da ke ciki yanzu ka kira shi da dare. Ka biya kashi-kashi ko da ya fi tsada kaɗan. Ka sa su rubuta maka ko kuɗin ya haɗa da man jirgi da kuɗin sauka da kuɗin jarabawa da awoyin ƙari in ka faɗi gwaji, don jiragen koyo irin Cessna 172 ko Diamond da awa ake biyansu, ba ruwansu da cewa yau ba ka gane ba.

Sannan kafin komai ka taka zuwa ANAC ɗinmu, hukumar jiragen sama ta Nijar, ka tambaya yadda suke karɓar lasin ƙasar da ka zaɓa. Kuma ka sani ko ka gama akwai QT, takardar ƙwarewa kan samfurin jirgi ɗaya kamar Boeing 737 ko ATR, ita ma miliyoyi ce in ba kamfani ya biya maka ba. Tun da Air Afrique ta durƙushe a 2002 kujerun yankinmu ba su da yawa, ka sa ido kan irin jiragen da su ASKY da Air Côte d'Ivoire da kamfanonin Najeriya ke amfani da su.

Abu biyu ba sa cin kuɗi sosai amma su ke yanke hukunci. Gwajin lafiya na aji ɗaya, ido, kunne, zuciya, da rarrabe launi, akwai wanda bai taɓa sanin ba ya bambance ja da kore da kyau ba sai ranar. A yi shi wajen likitan da hukumar ƙasar makarantar ta yarda da shi, kafin ko dala ta fita. Sai Ingilishi, mataki na 4 na ICAO dole ne, mu da muka yi lakwal da Faransanci nan ne muke tuntuɓe.

Mu dai ga yadda muka tsaya. Yaron zai yi rajista a jami'ar Abdou Moumouni ya fara lisans ɗinshi ta kimiyya nan gida, da yamma yana zuwa kos ɗin Ingilishi, mun aika ma makarantu biyu tambayoyin nan a rubuce, ɗaya ta amsa ɗaya har yau shiru. Gwajin idon kuma ranar Talata ne, uwarshi ta ce ita za ta raka shi.