Inda za a ci abincin rana a Gembu

Duk Basakkwacen da tafiya ta kai shi Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna da ke kan tsaunin Mambilla a jihar Taraba, ina ba shi shawara ya nemi wani ƙaramin gidan abinci da ke kusa da tashar mota. Tuwon masararsu yana da laushi, ana kawo shi yana tururi da miyar ganye da naman shanu, kuma ga wanda ya saba da zafin Sakkwato, shayin da suke dafawa na Kakara, wani ƙauye a kan tsaunin inda ake noman ganyen shayi, yana korar sanyin da ke ratsa ƙashi. Sai dai abincin yakan ƙare kafin la'asar, kujerun kuma sun yi kaɗan. A shagunan da ke gefensa ana samun zuma da ganyen shayi cikin rahusa.