Akwatin mukulli ko na'urar da ake loda wa manhaja?

Mota mai immobilaiza, wato na'urar hana sata, ba ta tashi sai zoben da ke kewaye da ramin mukulli ya karanta ɗan cip ɗin da ke cikin kan mukullin. In za a sa mata rimot mai tayar da ita daga nesa, dole a san yadda za a gamsar da immobilaizar alhali babu mukulli a ramin.

Tsohuwar dabara ita ce akwati irin 556U na kamfanin Directed. A rufe mukulli guda a ciki, a ɓoye ƙarƙashin dashbod, a zagaya waya daga akwatin a bakin ramin don zoben ya karanta cip ɗin. Ga sauƙi, ba ruwanka da kwamfuta. Amma ka rasa mukulli ke nan, kuma yana kwance cikin motar dare da rana. Ɓarawon da ya san maɓoyar, tsuntsu daga sama gasasshe. Abin da ke damuna ke nan.

Na'urorin iDatalink da Fortin kuwa, masu gamsar da immobilaizar ba tare da an bar mukulli a motar ba, sai an jona su da kwamfuta an loda musu manhajar ainihin ƙirar motar da shekararta, sannan a murɗa mukulli su koyi bayanan cip ɗinsa. Wasu motocin sai da mukullai 2 wajen koyon. Aka kuskure manhaja, injin ya yi ta juyi bai kama ba, fitilar tsaro na ta ƙiftawa. Duk da wahalar, su nake zaɓa, don mukullanka suna aljihunka.