GARGAƊI: Masu tallar "maganin suga sadidan" a Facebook da WhatsApp

Jama'a dan Allah duk mai ciwon suga, ko wanda yake jinyar uwa ko uba ko miji mai wannan lalura, ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wasu mutane da suka cika Facebook da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp da tallar garin magani da tsimi a gora, wai haɗin itatuwa ne zalla, wai yana warkar da suga kwata-kwata cikin sati biyu ko uku, ka sha ka zubar da ƙwayoyin asibiti ka manta da allura. Wallahi 'yan damfara ne, kuma inda a kuɗi kawai abin ya tsaya da da sauƙi, da ran mutane suke wasa.

Kar wani ya ce na raina itatuwa. Metformin ɗin nan da likitoci suka fi rubuta wa masu suga, asalinsa daga wata shuka ce da Turawan da suke magani da ita, Galega officinalis, kuma wani likita ɗan Faransa, Jean Sterne, shi ya gwada shi a kan masu ciwon suga a 1957. To amma sai da aka gano sinadarin da ke aiki, aka san adadin da ke magani da wanda ke cutarwa, sannan aka sa shi a ƙwaya, kuma duk da haka babu likitan da zai ce maka ya warkar da kai, saita sugan kawai yake. Hulba, kirfa, garahuni, zogale, duk masana sun yi bincike a kansu, wasu an ga suna ɗan rage suga a jini, amma ko ɗaya ba a tabbatar yana raba mutum da ciwon ba. Zancen wai ɗaci na kashe zaƙi kuwa a harshe ne kawai, jini ba haka yake aiki ba.

Ga yadda suke yi. Za ka ga bidiyo, mutum sanye da farar riga kamar likita, yanzu ma har ɗaukar hoton sanannen likita ko mai karanta labarai suke yi su ɗora masa murya da AI yana yabon maganin da bai taɓa jin sunansa ba. A ƙasa kwamen kamar ruwa, "na sha na warke", "Allah ya saka da alheri Dakta", ka danna sunayen ka gani, yawanci akawun ne sababbi fil ba hoto ba komai. Kana yin magana sai su ja ka inbos, saura kwalba kaɗan, yau ragin zai ƙare, ka tura kuɗi tukuna. Ka tambayi me aka haɗa a ciki a ce sirri ne na gado. Kwalba ba sunan kamfani, ba adireshi, ba ranar lalacewa, in ma akwai lambar rajista sau da yawa ta bogi ce ko ta wani kaya daban.

Har na'urar gwaji suke nunawa a bidiyon, a soki yatsa ta nuna 300, a sha magani a sake soka ta nuna 95. Wa ya san awa nawa ke tsakanin gwajin biyu, wa ya san ma yatsan mutum ɗaya ne? Sannan su haɗa ka da doka, ka bar kayan zaƙi, ka rage ci, ka riƙa tattaki. Ai wannan ko ba garinsu suga zai sauka, wahalarka ce ta yi aiki su kuma su karɓe yabon.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani lokaci maganin yana "aiki" da gaske, kuma nan ne tarkon. Wasunsu daka ƙwayoyin asibiti suke yi su zuba a cikin garin ganyen, musamman glibenclamide, wata ƙwayar rage suga a jini, ba awo ba lissafi. Ba ƙage ba ne, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika wa kamfanoni 15 takardar gargaɗi a 2013 kan sayar da kayan ciwon suga ba bisa ƙa'ida ba, kuma ta ce ta samu maganin asibiti a ɓoye cikin wasu kayan da ake kira na gargajiya zalla. Ka duba dattijuwar da take shan ƙwayarta ta asibiti, ta ɗora wannan gari a kai ba ta san magani biyu take sha ba. Cikin dare sai gumi ya jiƙa mata riga, hannu na rawa, zuciya na bugawa, ana mata magana tana amsa wani abu daban, 'ya'ya suna zaton gajiya ce ko hawan jini, alhali suga ne ya faɗi ƙasa da 70. Irin wannan in ba a farga ba suma ce, wani ma daga nan ba ya tashi, kuma glibenclamide yana daɗewa a jiki, balle ga tsoho ko mai matsalar ƙoda, ka ba ta abu mai zaƙi ta farfaɗo anjima sugan ya sake faɗuwa. Asibiti za a kai ta kai tsaye.

Sai ɗaya ɓangaren, waɗanda aka ce su bar allura. Mai nau'in farko na ciwon, wanda ya fi kama yara da matasa, jikinsa ba ya samar da insulin, sinadarin da ke saita suga a jini wanda shi ake yi masa allurarsa, babu ganyen da zai maye masa gurbinsa. Kafin a gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921 yaran da suka kamu mutuwa suke yi, alhali itatuwan nan duk suna nan a lokacin. Yaro ya bar allura, cikin 'yan kwanaki zai fara amai, ciwon ciki, ƙishirwa, numfashi da ƙarfi-ƙarfi, in ka kira mai maganin ya ce maka dattin ciwon ne ke fita, a ƙara cokali. Wannan kalmar kaɗai ta isa a kama mutum. Mai nau'i na biyu shi kuma a hankali abin ke cin sa, yana ji kamar garau yake, suga na can yana lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, sai gyambo ya ƙi warkewa a dawo asibiti a makare. Lokacin ka nemi mai maganin ya yi bulokin ɗinka, ya canza suna ya buɗe sabon shafi.

Na san abin da ke kai mutane, gajiya ce. Magani kullum, kuɗi kullum, ga tsoron allura, duk wanda ya zo ya ce zai raba ka da wannan dole zuciya ta karkata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kasuwar da suka hango kenan. Da a ce garin nasu na warkarwa ai da duniya ce ke layi a ƙofarsu, ba su ke bin ka inbos suna roƙo ba.

In kana son amfani da wani ganye, faɗa wa likitanka ko mai harhaɗa magunguna sunansa da yawan da kake sha, kar ka ji kunya, kuma kar ka tsayar da maganinka da kanka. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna yadda suganka ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi za ka nema ka san gaskiya. Wanda ya riga ya sayi irin wannan kaya ya daina sha, kar ya zubar, ya tafi da kwalbar asibiti a gani, ya ajiye sikirinshot na hirarsu da shaidar tura kuɗi ya kai wa hukumar kula da magunguna ta ƙasarsa, ya kuma yi ripotin ɗin shafin. Dan Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu da ba sa iya bambance bidiyon gaske da na haɗi.