Hattara da masu "gidan hutu mai araha" a intanet, damfara ce ake tafkawa

Salam jama'a. Dan Allah duk mai shirin tafiya hutu, ko wanda yake da ɗan'uwa da zai kama gida na 'yan kwanaki a irin garuruwan nan da masu yawon buɗe ido ke cika, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe kafin ya tura wa wani ko sisi.

Kowa ya san kuɗin irin waɗannan gidajen ya yi tashin gwauron zabi, kuma akwai dalili. Manyan birane da yawa sun gaji, mazauna gari ba sa samun gidan haya saboda masu gida sun gano cewa bai wa baƙo na sati ɗaya ya fi kawo kuɗi, sai hukumomi suka fara matse abin. A New York tun Satumban 2023 in dai zaman bai kai kwana 30 ba, dole mai gida ya yi rajista, dole yana zaune a cikin gidan tare da baƙin, kuma kada baƙin su wuce biyu. Barcelona ta sanar a 2024 cewa lasisin gidajen baƙi wajen 10,000 da take da su duk za su ƙare a 2028. A Amsterdam ba a yarda mutum ya bayar da gidansa fiye da kwana 30 a shekara ba, a Landan kwana 90. Gidajen sun ragu, masu nema ba su ragu ba, ga kuɗin shara da goge-goge, ga kuɗin kamfanin da ake kama gidan ta shafinsa, ga harajin baƙi, sai ka ga farashin da ka gani a farkon shafi daban, wanda zai fito lokacin biya daban.

To a nan ne macutan suke shigowa. Sun san ka sha yawo a shafuka har ka gaji, sun san ranka ya ɓaci da tsadar, shi ya sa ba sa sa farashin da zai sa ka yi dariya ka wuce, a'a, ƙasa kaɗan da na kowa suke sawa, daidai inda za ka ce kai yau na yi sa'a. Hotunan kuwa masu kyau ne ƙwarai don na gidan gaske ne, sato su suka yi daga tallar wani mai gida ko daga shafin dillalan sayar da gidaje, wani lokacin gidan ma ba a garin yake ba kwata-kwata. Sai su zuba a manhajar kama gida ko Facebook ko Instagram ko wani zauren matafiya, su rubuta wai wani ne ya fasa zuwa shi ya sa aka karya kuɗin.

Da ka yi magana za a amsa maka nan take, da ladabi kamar me, har da su "kada ka damu, gidanka ne". Daga nan sai a ce ku koma WhatsApp. Wallahi duk damfarar a wannan gaɓar take, ku riƙe ta da kyau. Abin da yake kare ka a manhajar kama gida irin Airbnb shi ne kuɗin ba ya zuwa hannun mai gida kai tsaye, kamfanin ne yake riƙewa sai bayan kamar awa 24 da shigarka gidan sannan a sakar masa. Ɗan damfara ba zai iya jiran wannan ba tunda babu gidan da za ka shiga, saboda haka dole ya fitar da kai daga manhajar, kuma hanyar da ya fi bi ita ce ya nuna yana tausaya maka, ya ce ai kamfanin nan cin kuɗinmu kawai suke yi ni da kai, ka turo min kai tsaye in cire maka kasonsu. Ka ji kamar ya yi maka alheri alhali igiyar da ke riƙe da kuɗinka ce ya sa ka tsinke da hannunka. Sannan ga gaggawa, wai akwai mutum biyu da ke jira, in ba ka ba da kafin alƙalami yau ba gobe ya tafi. Biyan kuma kullum ta hanyar da kuɗi ba ya dawowa ne: taransifa zuwa asusun wani mai suna daban da wanda kake magana da shi, ko Western Union, ko kiripto, ko katin kyauta, ko PayPal amma a ce ka zaɓi ɓangaren tura wa 'yan'uwa da abokai, wanda ba shi da kariyar mai saye. Kuma mai gidan kullum ya yi tafiya, kullum aiki ya kai shi wata ƙasa, makulli wai za a bar maka a wani akwati.

Akwai waɗanda suka fi haka wayo. Su ba za su ce ka bar manhaja ba, sai su ce don hankalinka ya kwanta mu yi komai ta kamfani, sai su turo maka adireshin shafi ka danna. Shafin zai buɗe sak irin na kamfanin, tambari, launi, hoton gidan, har da sharhin baƙi na ƙarya, amma in ka kalli adireshin da ke sama da kyau za ka ga an ƙara wata kalma ko an sauya harafi ɗaya. Kana zuba lambobin katinka sun tafi. Ni dai shawarata kada ka taɓa biya ta adireshin da wani ya turo maka, rufe shi, buɗe manhajar da kanka, nemo gidan da kanka, in bai fito ba to babu shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda aka yi ta ba da rahotonsa tun 2023 a kan masu kama masauki ta Booking.com. Ɓarayin suna kutsawa cikin asusun otal ko na mai gida, ba na baƙo ba, sai su aiko maka da saƙo daga cikin manhajar ta gaskiya, da sunanka da ranar zuwanka duk daidai, wai katinka bai wuce ba, ka sake tabbatarwa cikin 'yan awanni ko a soke maka wurin. Mutum mai hankali ma zai iya faɗawa, don saƙon ta ƙofar da ka yarda da ita ya shigo. In ka ga irin wannan kada ka danna komai, nemo lambar masaukin daga wani wuri daban ka kira su ka tambaya.

Sai kuma masu gidan da yake akwai amma ba shi za a ba ka ba. Ka biya lafiya, ka sauka a gari da kayanka da iyalinka, saura kaɗan ka isa sai waya ta shigo wai famfo ya fashe ruwa ya cika gidan, amma kada ka damu akwai wani "wanda ya fi shi". Ka je ka tarar da wani kango a bayan gari. Sun san dare ya yi, ga yara, ga otal-otal sun cika ko sun yi tsada, za ka haƙura. In haka ta faru kada ka soke da kanka ko da sun roƙe ka, don in kai ka soke dokar sokewa a kanka za ta hau, su ne ya kamata su soke. Ɗauki hotuna da bidiyo, ka yi duk maganar a rubuce cikin manhajar, ka kai ƙara da wuri, a Airbnb awa 72 suke bayarwa daga lokacin da ka gano matsalar.

Bincike kafin biya ba ya cin minti goma fa. Ɗauki hoto ɗaya na gidan ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, in ya fito a wani gari da wani suna magana ta ƙare. Nemi cikakken adireshi ka duba a taswira ka ga ko ginin ya yi kama da na hoton. Karanta sharhin baƙi, ba yawan taurari kawai ba, duba ko duk a wata ɗaya aka rubuta su kuma da salon magana iri ɗaya. Garuruwa irin su Barcelona da Paris suna tilasta a sa lambar rajista a jikin talla, to ka tambaya, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Ko a Mayun 2025 gwamnatin Sifaniya ta ba da umarnin a sauke tallace-tallace sama da 65,000 daga Airbnb, da yawansu saboda rashin lambar lasisi ko lambar da ba ta yi daidai ba, kun ga ke nan ko a babban shafi ma sai an buɗe ido, balle a zauren Facebook da ba mai tantance kowa. Haka wanda ya ce zai ba ka gida sukutum kai kaɗai na sati ɗaya a New York a kan araha, tambaye shi ta yaya, tunda dokar garin ta hana yawancin irin wannan. Sannan ka ce ya kira ka ta bidiyo ya zagaya da kai cikin gidan, a nan za ka ji uzuri kala-kala, kyamara ta lalace, sabis ba kyau, akwai baƙi a ciki.

Kuma dan Allah a daina tura hoton fasfo da na katin banki ga mutumin da ba a sani ba a WhatsApp, da shi suke zuwa su damfari na gaba da sunanka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kuma kada kunya ta sa ya yi shiru. Kira bankinka yanzu-yanzu a toshe katin, in da kati ka biya ka nemi su bi maka kuɗin ta hanyar ƙalubalantar cinikin, an fi samun nasara a nan fiye da taransifa. Adana duk hirar da rasidi da lambar asusun da ka tura wa, ka kai rahoto ga 'yan sanda da kuma shafin da ka ga tallar don a sauke ta. Bayan kwana biyu wataƙila wani zai ɓullo maka wai shi ƙwararre ne wajen dawo da kuɗin da aka sace, ka ba shi wani abu ya fara aiki, toshe shi kawai, sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo da wata lambar.