Abin da na gani a wata makarantar likitancin haƙori

Bayan 'yata ta sami Bakaloriya, wato takardar shaidar kammala sakandare, a Garwa ta ƙasar Kamaru, na shiga jirgin ƙasa daga Ngawundere zuwa kudu domin in gane wa idona wata makaranta mai zaman kanta da ke koyar da likitancin haƙori, kafin in zuba mata abin da na tara a cinikin albasa.

Ginin tsaf yake, malaman kuma sun karɓe ni da mutunci. Ɗakin gwaji ne ya fi burge ni, inda na tarar da ɗalibai sun duƙufa a kan kawunan roba suna ƙwaƙule haƙora da ɗan inji mai tsuwa, malama tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana gyara musu riƙo. Sai dai kujerun duba marasa lafiya sun yi kaɗan, har na ga ɗalibai biyar sun kewaye dattijo guda, alhali kuwa wannan sana'a sai hannu ya saba.

Kuɗin ne ya tsaya mini a rai. A Jami'ar Yawunde ta ɗaya kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara, ko da yake gurbin yana da wuyar samu. A nan kuwa ya ninka haka sau da yawa, har tsawon shekara 7. Da na tambayi magatakarda batun kayan aiki, ya ce, "Alhaji, wannan a kan iyaye yake."

Koyarwar ta gamsar da ni, amma ba zan biya ba sai mun ga sakamakon jarrabawar shiga, kuma na rubuta wa Jami'ar Maiduguri ina neman bayanin nata kuɗin.